Ramukan Wayar Netwok Nawa Ne A Jikin Madabod Na Kwamfutar Gida? Tambayoyi Da Amsoshi

Duk mai shirin haɗa kwamfutar tebur da kansa, ko mai son canza madabod, wato babban allon da sauran kayan kwamfuta ke zaune a kansa, yakan iso kan wannan tambaya. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin, da amsoshinsu.

Ramukan netwok nawa ne madabod na kwamfutar gida ke zuwa da su?

Ɗaya. Idan ka leƙa bayan kwamfutar tebur ta gida ko ta ofis, abin da za ka tarar galibi rami ɗaya ne na wayar netwok, a cikin jerin ramukan USB da na sauti da na allon kallo. Haka abin yake a alluna masu araha da na tsaka-tsaki, haka kuma a kwamfutocin da kamfanoni ke sayarwa a haɗe. Rami biyu sai an hau sama, zuwa alluna masu tsada da aka yi wa masu aikin bidiyo, masu wasanni da ke son komai ya kai ƙarshe, da masu ƙananan kwamfutocin da aka ƙera don aikin netwok. Uku ko huɗu kuwa wannan ya fita daga maganar kwamfutar gida, ya shiga ta saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima ta netwok.

Girman allon ba shi ne ke yanke hukunci ba. ATX babba, microATX matsakaici, da Mini-ITX ƙarami mai faɗin santimita 17 da tsawon 17, dukansu rami ɗaya aka fi ba su. Akwai ƙananan alluna masu biyu, akwai kuma manya masu tsada da suka tsaya a ɗaya.

Wane rami ake nufi, kuma ta yaya zan gane shi?

Shi ne ramin Ethernet, wanda ake kira RJ45. Kusan murabba'i ne, da ɗan tsagi a gefe guda inda harshen robar kan waya ke shiga ya kama, har ka ji ƙaras. A cikinsa akwai siraran ƙarafa takwas. Galibi yana zaune ne a saman ramukan USB guda biyu, kuma akwai ƙananan fitilu biyu a kusurwoyinsa: ɗaya na nuna cewa an haɗu da na'urar da ke ɗaya ƙarshen wayar, ɗayar na ƙyaftawa idan bayanai na wucewa. A alluna da yawa launin fitilar kan nuna saurin da aka daidaita a kai, amma ma'anar launukan ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka littafin allonka ne zai gaya maka.

Kada a rikita shi da ramin wayar tarho na tsofaffin kwamfutoci, wato RJ11. Wancan ya fi ƙanƙanta, na modem ne na zamanin da ake kiran intanet ta layin tarho da saurin da bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba. Kan wayar tarho yana iya shiga ramin RJ45, amma ba zai yi aiki ba, kuma yana iya lanƙwasa ƙarafan gefe.

Me ya sa ɗaya kawai, alhali ramukan USB sun kai takwas ko goma?

Saboda aikinsu daban ne. Kowane ramin USB na'ura guda yake ɗauka: linzami a nan, kibod a can, firinta a wancan. Shi kuwa ramin netwok hanya ce zuwa ga kowa. Da waya ɗaya kwamfutarka ke magana da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, da firintar da ke kan netwok, da sauran kwamfutocin gidan, da duk intanet, a lokaci guda. Bayanai na tafiya ne a ƙananan ƙunshi, kowane ƙunshi da adireshin inda za shi, rauta ko suwic, wato akwatin da ke haɗa wayoyin netwok da yawa, ne ke rarraba su. Ƙofa ɗaya ta ishi gida in dai titin da ke gabanta na kaiwa ko'ina.

Sai kuma batun kuɗin ƙira. Kowane rami na bukatar nasa cip, wato ɗan guntun lantarkin da ke tafiyar da shi, da nasa layin sadarwa zuwa ga sauran allon, da wuri a farantin baya wanda dama a matse yake. Kamfani ba zai ƙara wa kowane allo abin da mafi yawan masu saye ba za su taɓa soka wa waya ba. A ganina sun yi daidai. Na gwammace a kashe wannan kuɗin wajen inganta ramin guda ɗaya.

To su wa rami na biyu ke yi wa amfani?

Akwai su, kuma bukatarsu ta gaske ce. Na farko shi ne mai son mayar da kwamfuta rauta ko katangar tsaro, da manhaja irin pfSense ko OPNsense. Shi galibi yana bukatar aƙalla biyu: ɗaya na fuskantar intanet, ɗaya na fuskantar cikin gida, duk abin da zai wuce sai ya bi ta tsakiya an duba shi.

Na biyu shi ne mai ma'ajiyar fayiloli ta netwok, wadda ake kira NAS. Mai gyaran bidiyo, alal misali, yakan ja waya kai tsaye daga rami mai sauri zuwa ma'ajiyar, ya bar ɗaya ramin ga intanet. Ta haka kwashe manyan fayiloli ba ya cushe hanyar sauran mutanen gidan, kuma bai sayi suwic mai tsada ba.

Sai mai netwok biyu da ba ya so su gauraya, kamar kyamarorin tsaro a gefe guda da sauran gida a ɗaya gefen. Sai mai tafiyar da kwamfutocin kwaikwayo da yawa, wato waɗanda manhaja ke ƙirƙira, a cikin kwamfuta ɗaya, wanda ke son ware wa wasunsu ramin kansu. Sai kuma wanda aikinsa ba ya jure yankewa, ya haɗa layi biyu don in ɗaya ya faɗi ɗayan ya ɗauka.

Idan ka karanta wannan jeri ba ka ga kanka a ciki ba, rami ɗaya ya ishe ka.

Idan na soka waya biyu a ramuka biyu, intanet ɗina zai ninka sauri?

A'a, kuma wannan ita ce fahimtar da ta fi sa mutane asarar kuɗi, don haka zan ɗan tsaya a kanta.

Saurin intanet ɗinka yana da iyaka daga wajen kamfanin da ke ba ka layi. Idan layin da ke shigowa gidanka megabit 100 ne a daƙiƙa, ramin gigabit guda ɗaya ya riga ya fi ƙarfinsa sau goma. Ƙara rami na biyu kamar faɗaɗa bakin tulu ne alhali famfon ɗigo yake yi. Ruwan da ke zuwa shi ne dai ruwan.

Ko a cikin gida, tsakanin kwamfuta da kwamfuta, soka waya biyu kawai ba ya haɗa ƙarfinsu. Kowane rami na da nasa adireshin MAC, lamba mai bit 48 da aka ba shi tun daga masana'anta, kuma rauta za ta ba kowannensu adireshin IP daban. Kwamfutar za ta ɗauke su a matsayin hanyoyi biyu, ta zaɓi ɗaya ta riƙa bi, ɗayar na zaune.

Akwai hanyar ɗaure su su zama kamar ɗaya. Ƙa'idar ta fito a shekarar 2000 da sunan IEEE 802.3ad, ana kuma saninta da LACP. Amma tana da sharuɗɗa. Dole suwic ɗin ya zama irin wanda ake iya shiga a saita, ba na soka-ka-tafi ba. Dole manhajar kwamfutar ta yarda: Linux na yin haka cikin sauƙi, Windows na saba ma na yi, amma Windows 10 da 11 na gida ba su zo da wannan tsarin a buɗe ba. Sannan ga babban abin da ba a cika faɗa ba: ko an ɗaure su, zance ɗaya tsakanin na'urori biyu waya ɗaya yake bi, don kada ƙunshin bayanai su iso a hargitse. Wato idan kana kwafar fayil guda, gigabit ɗaya za ka samu, ba biyu ba. Amfanin ɗaurin yana fitowa ne idan mutane da yawa na jan fayiloli daga kwamfuta ɗaya a lokaci guda, wannan ya bi wannan waya, wancan ya bi waccan. Aikin saba ke nan.

Togiya ɗaya da ta cancanci ambato ita ce SMB Multichannel, wani ɓangare na tsarin raba fayiloli da ya zo da Windows 8. Shi yana iya raba kwafar fayil a kan ramuka biyu, in dai ɓangarorin biyu duk suna da ramuka biyu kuma sun san tsarin. Wannan ma a cikin gida ne kawai, bai shafi intanet ba.

Gargaɗi ɗaya: kada ka soka wayoyi biyu a suwic ɗaya sannan ka shiga saiti ka yi musu gada, abin da ake kira bridge. Gada ba ɗauri ba ce. Abin da za ka iya ƙirƙira shi ne zagaye, inda saƙonni za su yi ta kewayawa ba iyaka har netwok ɗin gidan gaba ɗaya ya tsaya cak.

Idan yawa ba shi ne abin dubawa ba, mene ne?

Sauri. Rami ɗaya mai gigabit 2.5 ya fi ramuka biyu masu gigabit ɗaya-ɗaya amfani ga kusan kowa, domin yana ba ka saurin ba tare da saiti ba, kuma a kan fayil ɗaya.

Ethernet ta daɗe. An ƙirƙiro ta a cibiyar binciken Xerox PARC da ke Amurka a 1973, a hannun Robert Metcalfe da abokin aikinsa David Boggs, kuma a lokacin kan kebul mai kauri irin na eriya take tafiya. Irin wayar da muka sani yau, mai igiyoyi a murɗe da kan RJ45, ta sami ƙa'ida a 1990 da saurin megabit 10. A 1995 aka kai 100. A 1999 aka kai gigabit ɗaya a kan wayar tagulla, a 2006 kuma gigabit 10. Sai dai gigabit 10 ta zo da tsada da zafi da bukatar waya mai kyau, don haka ta daɗe ba ta sauko gidaje ba, aka shafe shekaru da dama gigabit ɗaya ce sarauniya a bayan kowace kwamfuta. A 2016 aka fitar da ƙa'idar 802.3bz wadda ta cike giɓin da matakai biyu, gigabit 2.5 da 5, waɗanda ke iya bin wayoyin da mutane suka riga suka shimfiɗa a bango. Shi ya sa yau sababbin alluna na tsaka-tsaki suka koma 2.5, masu araha na nan a ɗaya, na can sama kuma na zuwa da 5 ko 10.

Ga yadda bambancin yake a aikace. Ramin gigabit ɗaya na kwashe kimanin megabait 115 a daƙiƙa, don haka fayil mai gigabait 100 zai ci wajen minti 15. A kan 2.5 zai ci wajen minti 6. A kan 10 bai kai minti biyu ba, in dai faifan ajiyar ɓangarorin biyu na iya gudu haka, domin tsohon faifai mai juyawa ba zai iya ba. A lura da bambancin bit da bait: ana auna netwok da bit, ana auna fayil da bait, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Mutane da yawa kan ga 115 a allo su ɗauka an cuce su, alhali gigabit ɗin ne cif.

Kuma sauri na ɓangare biyu ne. Idan ramin kwamfutarka 2.5 ne amma na rauta gigabit ɗaya ne, za su yi sulhu a kan ɗaya. Mai ƙaramin ƙarfi ake bi koyaushe.

Ramina na gigabit ne, amma kwamfuta na nuna 100 kawai. Allon ne ya lalace?

Da wuya. Fara zargin waya. A cikin wayar akwai igiyoyi takwas, biyu-biyu a murɗe. Megabit 100 na aiki da huɗu kawai, gigabit kuwa sai duka takwas ɗin sun cika. Idan igiya ɗaya daga cikin huɗun da megabit 100 ba ya amfani da su ta tsinke, ko ba a matse ta da kyau a kan wayar ba, sau da yawa na'urorin ba za su yanke hulɗa ba, za su sauko 100 ne shiru ba tare da sanarwa ba. Akwai ma wayoyi masu araha da igiyoyi huɗu kawai aka sa musu tun asali. Canza wayar da wata mai rubutun Cat5e ko Cat6 a jikinta, ka gani. In ba ta canza ba, duba ramin rautar, don tsofaffin rautoci da ƙananan suwic da yawa iyakarsu 100.

Cat5e na ɗaukar gigabit ɗaya har tsawon mita 100, kuma an tsara 2.5 ma ta bi ta kanta. Gigabit 10 na tafiya a Cat6 zuwa kimanin mita 55, idan ana son cikakkun mita 100 sai Cat6a.

Wi-Fi fa, ana ƙirga shi cikin ramukan?

Ba a ƙirga shi rami, amma hanyar netwok ce ta biyu. Allon da ke da Wi-Fi za ka ga ƙananan kawuna biyu masu zare, launin zinariya, a farantin baya, inda ake ɗaura eriya. Sau da yawa kamfani kan fitar da allo iri ɗaya kashi biyu, mai Wi-Fi da marar shi, bambancin kalma ɗaya ce a ƙarshen sunan. Idan ka sayi mai shi, ka ɗaura eriyar ko da waya za ka yi amfani da ita, domin Bluetooth ma da ita yake aiki.

Ga kwamfutar da ke zaune wuri ɗaya, ni waya nake ba da shawara duk inda za a iya jan ta. Ba don Wi-Fi na yau ba shi da sauri ba, Wi-Fi 6 da 7 suna gudu ƙwarai, sai don waya ba ta damu da bango ko rautar maƙwabci ba, kuma jinkirinta ba ya hawa da sauka. Mai kiran bidiyo da mai wasa da wasu ta intanet sun fi kowa jin wannan bambanci. Wi-Fi ɗin sai ya zama ajiya ranar da waya ta ba da matsala.

Allona rami ɗaya gare shi, kuma ina bukatar na biyu da gaske. Sai na canza allo?

Ko kusa. Hanya mafi kyau ita ce katin netwok da ake sokawa a ramin PCIe, wato dogon tsagin da ke kan allon a cikin kwamfutar. Akwai mai rami ɗaya, mai biyu, mai huɗu. Katin gigabit ɗaya ko 2.5 ƙaramin ramin x1 ya ishe shi, katunan gigabit 10 kuwa galibi x4 suke nema, kuma suna zafi, don haka a bar musu wurin shan iska. Kati ƙarami na shiga dogon rami ba matsala. Abin dubawa shi ne ko katin hoto bai rufe ramin ba, don manyan katunan hoto na yau kan mamaye wurin biyu ko uku. Masu Mini-ITX su lura cewa ramin PCIe ɗaya tak gare su, in katin hoto ya ɗauke shi sai a nemi wata hanya.

Wata hanyar ita ce adaftar USB mai ramin RJ45 a ƙarshenta. Tana aiki lafiya, amma a tabbata an soka ta a USB 3, wanda ke kai gigabit 5. USB 2 iyakarsa megabit 480 a takarda, a aikace ma bai kai haka ba, don haka zai shaƙe adaftar gigabit. Don aikin yau da kullum adafta ta wadatar. Don rauta ko saba da za ta kwana tana aiki wata da watanni, kati ya fi kwanciyar hankali.

Wannan ma wani dalili ne da ya sa ban ga hikimar sayen allo mai tsada don rami na biyu kaɗai ba. Kati na bin ka zuwa kwamfuta ta gaba, ramin da ke manne a allo kuwa tare da allon zai tsufa.

Ina da kwamfuta, talabijin da na'urar wasa a ɗaki ɗaya, waya ɗaya ce ta shigo. Rami na biyu zai taimaka?

Abin da kake nema suwic ne, ɗan akwati mai ramuka biyar ko takwas. Wayar da ta shigo ta shiga ɗaya, sauran na'urori su ɗauki saura, babu saitin komai. Ana iya bi da intanet ta cikin kwamfuta mai rami biyu zuwa talabijin, amma duk lokacin da ka kashe kwamfutar talabijin ma ta rasa layi.

Zan iya haɗa kwamfuta biyu kai tsaye da waya, ba rauta?

Za ka iya. A da sai an nemo waya ta musamman da aka sauya wa igiyoyi a kai ɗaya, amma ramukan gigabit na yau suna gane junansu su daidaita da kansu, kowace waya ta yi. Tun da babu rautar da za ta raba adireshi, ko dai ka sa wa kowace adireshin IP da hannu, ko ka bar su su ɗauki wanda ke farawa da 169.254. Af, in ka taɓa ganin wannan lamba alhali kana haɗe da rauta, alama ce cewa kwamfutar ta nemi adireshi ba wanda ya amsa mata.

Intel ko Realtek, wanne ya fi, kuma ya kamata in damu?

Bayan kowane rami akwai cip da ke tafiyar da shi, kuma kamfanoni kaɗan ne ke yin su. Realtek na da RTL8111 na gigabit da RTL8125 na 2.5, su ne suka fi yawa a alluna. Intel na da I219-V na gigabit, da I225-V da I226-V na 2.5. A gigabit 10 kuwa sau da yawa cip ɗin Aquantia ne, kamfanin da yanzu ke ƙarƙashin Marvell. Allo mai rami biyu kan haɗa iri biyu, misali ɗaya 2.5 ɗaya 10, don haka a karanta rubutun da ke kusa da kowane rami kafin a soka waya, kada a sa ma'ajiya mai sauri a ramin da ya fi jinkiri.

Ga mai Windows da ke lilo a intanet, kallo da wasa, ba zai ga bambanci ba. Wanda ya kamata ya duba shi ne mai shirin sa manhajar da ba Windows ba, musamman pfSense da OPNsense da aka gina kan FreeBSD, inda direbobin Intel, wato manhajojin da ke sa cip aiki, suka daɗe da samun karɓuwa. Shi ya binciki ko manhajarsa ta san cip ɗin kafin ya biya.

Wani abu da ya shafi kowa: sabon cip na iya zama bai cikin direbobin da Windows ta zo da su. Sai ka gama haɗa kwamfuta, ka zo sa Windows 11, ta ce sai da intanet, ramin kuma bai farka ba don babu direba. Maganin shi ne ka sauke direban netwok daga shafin kamfanin allon, ka ajiye a filas tun kafin ka fara.

Ramin ya daina aiki gaba ɗaya. Allon ya tashi aiki ke nan?

Bi a hankali kafin ka yanke hukunci. Gwada wata waya, gwada wani rami a rautar, duba ko ba a kashe shi a BIOS ba, wato saitin allon da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, don akwai wurin kunna shi da kashe shi a can, sannan ka sake sa direba. In duk an yi fitilun ba su kama ba, kuma kwamfutar ba ta ganin cip ɗin, to mai yiwuwa ya ƙone. Tsawa na yin haka: wutar kan biyo waya daga modem ko daga wayar da aka ja ta waje tsakanin gini biyu, ta kashe ramin ta bar sauran allon lafiya. In haka ne, kashe shi a BIOS ka sa kati ko adafta, kwamfutar ta ci gaba da aikinta. Wanda ke zaune inda ake yawan tsawa, zare wayar netwok lokacin hadari na da muhimmanci kamar zare ta wuta.

Na ga allo mai ramuka uku, ɗaya a ware an rubuta masa IPMI ko MGMT. Shi kuma fa?

Allon saba ne. Wancan ramin na kula da na'urar ne daga nesa. Akwai wata 'yar ƙaramar kwamfuta a jikin allon da ba ta barci muddin akwai wuta, ta cikinta mai kula zai iya kunna sabar, ya kashe ta, ya ga abin da ke kan allon kallonta, har ya shiga BIOS daga wani gari. Ba ramin intanet na yau da kullum ba ne, kuma bai kamata a buɗe shi ga intanet ba.

Kwamfutar gida na da ɗan abin da ya yi kama da haka a ramin nata guda ɗaya, wato Wake-on-LAN. Idan aka kunna shi a BIOS, cip ɗin na zama da ɗan kunne a buɗe ko kwamfuta na kashe, wata na'ura a gidan ta aiko masa da saƙo na musamman mai ɗauke da adireshin MAC ɗinsa, ya tashe ta. Shi ya sa wani lokaci za ka ga fitilar ramin na ci alhali ka kashe kwamfutar.

Laftof fa?

Ɗaya ko babu. Ramin RJ45 ya fi sirarun laftof na yau kauri, don haka da yawa sun yar da shi. Na ofis da na wasanni sukan riƙe guda, wani lokaci mai ɗan murfi da ke buɗewa ƙasa. Marar shi sai adaftar USB-C.

Ta yaya zan san abin da allo ke da shi kafin in saya?

Shiga shafin kamfanin, ka nemi cikakken sunan allon har harafin ƙarshe, ka buɗe jerin bayanansa, ka sauka zuwa layin da aka rubuta LAN ko Ethernet. A can za a faɗi yawan ramukan, saurin kowanne, da sunan cip. Sannan ka kalli hoton farantin baya ka ƙirga da idonka, domin alluna masu suna kusan iri ɗaya kan bambanta a nan. Idan kwamfutar na gabanka ne, a Windows buɗe Device Manager ka duba ƙarƙashin Network adapters, a Linux kuma rubuta ip link. Kada yawan sunayen da za ka gani ya ruɗe ka, don Wi-Fi da Bluetooth da VPN duk kan bayyana a jerin. A Windows, wanda ke ɗauke da kalmar Ethernet ko GbE shi ne ramin waya, kuma lambar da ke gaban GbE ɗin, in akwai, ita ce saurinsa.